Gwiwar da Ta Daina Riƙe Ni

Da kaka ne, muna kwasar dawa daga gonarmu ta Ƙofa. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kusada, ranakun da ba makaranta kuma ina gona tare da mahaifina. Na gama jera dammuna a kan amalanken shanu, sai na diro ƙasa kamar yadda na saba. Ƙafata ta dama ta faɗa kwarin kunya ta kafe, jikina kuwa ya juya. Na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwata, sai ga ni zaune a ƙasa.

Kafin mu isa gida gwiwar ta kumbura suntum. Washegari Baba ya sa aka kai ni wurin wani maɗori a Mawashi. Tsohon ya bi ƙafar da yatsunsa tun daga idon sawu har cinya, ya lallatsa, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta taɓu daga ciki, kuma hannunsa bai kai can. Ya shafa mani magani, ya naɗe wurin, ya ce in huta.

Abin da Baba ya riƙe daga maganar shi ne ƙashi lafiya lau. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan ƙafafunsa. Da ƙuruciya da ƙafa yake cin kasuwar Kankia ya komo, kaya bisa kai. Har ya tsufa dambubunsa, wato naman bayan ƙwaurinsa, tauri gare shi kamar icce. A wurinsa ciwon ƙafa iri biyu ne, karaya da targaɗe, targaɗe kuwa bai hana namiji aiki.

Kumburin ya sace, zafin ya ragu, na koma aji. Amma gwiwar ta zama wata aba da ban sani ba. Ina tafe lafiya, in na juya da sauri sai ta sulluɓe daga ƙarƙashina, kamar na taka matakalar da babu. Ta yi mani haka a gaban allo, ta yi mani wajen tayar da babur. Zaman tahiya ya gagare ni, na koma salla a kujera a gefen sahu, tare da dattawan da suka haife ni. Na fara tafiya ina kallon ƙasa, ina auna kowane taku. Wannan lissafin ya fi ciwon gajiyar da ni. Kafin azahar sai in ji kamar na wuni ina huɗa.

Baba bai taɓa ce mani rago ba. Sai dai in an zo maganar gona ya ce, “To, in Malam ya ji sauƙi,” yana kallon wani wuri. Na fi son ya zage ni.

Da rani matata ta lura ƙafar ta fi 'yar'uwarta sirancewa, ta matsa sai na je asibiti. Daga Kankia aka tura ni Katsina. Na wuni a benci kafin layi ya zo kaina. Likitan ya kwantar da ni, ya lanƙwasa gwiwar, ya kama ƙwaurina da hannu biyu ya jawo. Da idona na ga ƙashin ya zamo gaba fiye da yadda ya kamata. Ya gwada ɗaya ƙafar, ko motsi ba ta yi ba.

Sai ya ɗauko gwiwar roba daga kan teburinsa. Ya nuna mani jijiyoyi huɗu masu ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri: ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, biyu kuma a tsakiyar gaɓar, sun gitta juna. Ta gaba cikin biyun nan ita ke hana ƙwauri zamewa gaba, ita ce tawa ta tsinke. Na tambaye shi yaushe za ta haɗe. Ya ce, “Malam, wannan ba kasafai take haɗewa da kanta ba.” Hoton da aka yi daga baya ya tabbatar. Akwai aikin tiyata, in ji shi, amma ba nan kusa ba, kuma tunda ba ɗan ƙwallo ba ne ni, a fara gwada ƙarfafa tsokar da ke kewaye da gaɓar, ko ta ɗauke wa jijiyar aikinta.

A sashen gashin ƙashi wata ma'aikaciya ta koya mani abin da zan riƙa yi. Ita ta faɗa mani dambubu tsoka biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Ta saman tana farowa daga bayan gwiwa, ta ƙasan daga ƙwauri, su haɗu su zama agara, su kama dunduniya. Ta gaban ƙwauri kuma ita ke ɗaga yatsu kada a yi tuntuɓe. Shekara da shekaru ina yawo da su ban san suna nan ba.

Kullum bayan asuba sai in dafa bangon zaure in yi ɗage, in sauko, in sake. In kwanta in ɗaga ƙafa. In ɗaura roba a ƙafar gado in yi ta ja da diddige. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ban ga wani canjin kirki ba. Akwai safiyar da nakan zauna bakin gado ina kallon robar kawai.

Da damina ta faɗi na bi Baba gona don shuka. Na ɗan taɓa aiki, na juya zan ɗauki ƙwaryar iri, gwiwar ta sake ni a gabansa. Ya zo ya durƙusa, ya kama ƙafar, ya ja ƙwaurin yadda na ba shi labarin likita ya yi. Ya ji ƙashin ya biyo hannunsa. Ya ɗago kai ya dube ni.

“Haka take tun kaka?”

Na ce haka take, Baba.

Ya tashe ni, ya sa na dafa kafaɗarsa har gindin gawo. A wannan makon ya kira ƙanena ya damƙa masa gonar, bai yi shawara da ni ba, ni ma ban yi musu ba.

Aikin tiyatar dai ba a yi ba har yau. Tsokar ta ɗan cika, gwiwar ta rage kayar da ni, amma kullum da yamma takan yi nauyi. Na nemi canji zuwa wata makaranta a cikin Kankia, aka ba ni. Yanzu a zaune nake koyar da yara, in an tashi kuma ina bari su watse tukuna, sannan in dafa tebur in miƙe a hankali.