Notin Da Salifu Ya Ɓoye A Injina

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Salifu makwancinsa. Ya rasu shekarar da Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, ta ƙone. Kasuwa dai an sake gina ta. Shi kuwa rumfarsa ta gyaran mota a bakin Zongo, yau wata mata ce ke tuyar ƙosai a wurin. Ni ban yi lekol, wato boko, mai nisa ba, a aji huɗu na fita, don haka mai jiran yabo mai zaƙi ya juya shafi. Abin da zan faɗa shi ne, na yi shekara tara ina zargin ɗan'uwana da sata, kuma ya mutu ban janye ba.

Motata tsohuwa ce tun ran da na saye ta, irin ta Faransa mai dogon baya. Silinda huɗu, giya huɗu, karbirato ɗaya, ba wani lantarki a jikinta sai batir da buji, wato fulogi, da fitila. Da ita nake kwasar dilolin atamfa da huhun goro na fataken Kano, daga tasha zuwa kasuwannin Rood Woko da Sankaryaaré, wani lokaci har wajen gari. Ita ce abincin gidana, ba ni da wata.

Satin da na saye ta na kai wa Salifu ya duba. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya daɗe yana saurare. Sai ya ce in bar ta. Kwana uku ya riƙe ta, ya sauke kan injin, kuma duk ran da na leƙo sai ya kore ni. Da ya maido mini ita tana tashi da murɗa ɗaya, ba hayaƙi, ba ƙara. Amma gudu ya tafi. In taka totur har ƙasa, tana tafe kamar mai ciwon gwiwa. Masu ƙaramin babur, mobilet, suna wuce ni suna waiwaye.

To, a watan nan kuma motar wani Alhaji, irin tawa sak, ta fito daga rumfar Salifu tana tashi sama. Me kuke so in yi tunani? Na je na same shi.

"Yaya, me ka cire mini ka sa wa Alhaji?"

Ko kai bai ɗago ba. "Ta taɓa barin ka a hanya?"

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"To ni wannan na amsa. Ka zuba ruwa yau?"

Haka muka zauna shekara tara. Ina kai masa mota don ba ni da wani, ina tsaye a kansa ina ƙirga abin da ya kwance. Shi kuma yana ta dokokinsa. Ruwan lagireto kowace safiya kafin inji ya ɗau zafi. Baƙin mai a juye shi kafin ya yi kauri, ba sai an ji ƙara ba. Fetur ɗin kwalba na bakin titi sai an shinshina, an ɗiga a tafin hannu an ga ko zai bushe tas. Ina bi ina guna-guni. Gaskiya ɗaya, duk tsawon shekarun nan ba a taɓa tura motata ba.

Bayan sadakar arba'in na kai ta wajen wani makanike a unguwar Ouidi, sunansa Rasmane. Bai yi minti goma ba ya kira ni yana dariya. Wani ɗan noti ne aka zura a jikin wayar totur, can ƙarƙashin karbirato inda ido ba ya kai, yana tare ta kada ta buɗe duka. Ya cire ya ba ni a hannu. Ran nan mota ta yi gudun da ban taɓa sanin tana da shi ba. Na zagaya majalisar Zongo ina nuna notin, ina cewa ku gani, ba sata ba ce ashe, mugunta ce zalla. Mutumin da ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba. Wasu sun tashi sun bar mini wurin, na ce munafukai ne.

Sati bakwai na yi ina jin daɗi. Ran nan da rana tsaka, da goron mutane cike a baya, na fita gari ina zuba gudu sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Na zaro sandar awon mai, man ya koma kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga. Goro ya wuni a rana, rabinsa ya lalace.

Na farko da na zarga Rasmane ne, kuma har gobe ban gama wanke shi ba. Amma da ya sauke kan injin ya goge, ya sa yatsana a wurin da kansa. Tsaga ce siririya tsakanin silinda biyu, an yi mata walda tsaf tun da daɗewa, yanzu ta buɗe. Na san hannun. Da ita aka sayar mini da motar. Salifu ya ji ta da sukundireba, ya ɗinke ta, ya kuma san ba za ta jure zafin gudu ba.

Na je wurin matarsa Hajara, na ce don me bai gaya mini ba. Ta dube ni sama da ƙasa. "Cewa ya yi, in ya gaya maka, ba za ka kai kwanar masallaci ba sai ka cire notin, don ka ga ko ƙarya yake."

Gaskiyarsa. Da na cire ɗin.

Yanzu Wagadugu ta cika da motocin da Turawa suka gama ci suka turo mana, masu na'ura a ciki, wai sai an jona waya kafin a san ciwonsu. Kayan gyara kuwa kwali mai ƙyalli, ciki ƙarfen gwangwani. Ina tambayar kaina me Salifu zai ce. Ina jin zai kara sukundireba ya saurara, ya ce a bar ta kwana uku, kuma mai ita ya zarge shi kamar yadda na yi. Har yau ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Ya zaɓi in ƙi shi a kan in rasa abinci, kuma bai shawarce ni ba. Bai bar mini ko hanyar neman gafara ba.

An sake waldar. Motar na nan tana aiki, amma bayana ya hana ni tuƙi, mijin 'yata Hamidu ke ja. Kafin in ba shi makulli na shiga ƙarƙashinta da kaina, na mayar da notin inda yake. Shekaranjiya ya zo yana hura hanci.

"Baba, motar nan an yi mata wani abu. Kai ma ka sani."

Na ga yadda yake kallon hannuna. Na san kallon, ni na fara yin sa a gidan nan. Na ce, "Ta taɓa barin ka a hanya?"

Allah Ya jiƙan Salifu. Ni ma ban gaya wa Hamidu ba.