Zumai a Fim ɗin Koriya

Ko zan manta komai na ƙuruciyata a ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad a ƙasar Sudan, ban da ranar da na zaunar da kakata ta kalli fim ɗin Koriya.

Kakata ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyen. Hannunta ya fara rawa, ta daɗe tana roƙona in riƙa bin ta in koya, don babu mai gadonta. Ni kuwa a fim kaɗai nake jaruma, ko likkafani na hango sai in canza hanya.

Lokacin ina yi wa ƙawayena na makaranta sharhin finafinai a waya, da Larabci. Wannan karon na samu wani mai ban tsoro, na matattu masu tashi suna cizon mutane. Sai na ce bari in gani, matar da ta saba da gawa, wannan zai razana ta? Bayan la'asar, an dawo daga gonar auduga, na same ta a rumfa tana dafa jabana, wato gahawa. Na jingina wayar da tulu.

Fassarar Larabci ce rubuce a ƙasan hoton, ita kuma ba ta karanta shi, dole na riƙa mayar mata da Hausata mai ɗingishi. Cuta ta ɓulla a wani birni, wanda aka ciza ya faɗi, ya miƙe idanu fari fat. Kwalliyar da aka yi wa matattun ta yi kyau ƙwarai, har tsigar jikina ta tashi. Kaka ko gezau.

"Mi as sunan mutanen ga?" ta tambaya.

Na lalubi kalmar a Hausa na rasa, sai na ce, "Zombi, Habboba," kamar yadda muke kiran kaka da Larabcin Sudan.

"Zumai?" ta ce. "To in zumai na, mi ya sa suka gudunsu?"

Na yi dariya har da hawaye, don zumai a bakinta dangi ke nan. Na yi ta bayani, ta ƙi sauka daga kan bakanta. Da aka zo inda wani saurayi ya rufe wa mahaifiyarsa ƙofa bayan an cije ta, sai ta ce, "Tsai da shi nan." Ta matso da fuska, ta daɗe tana kallon matar.

"Dubi kanta babu kallabi. Ɗiyata, tun da aka fara ina jira in ga wanda zai tsaya ya rufe ma guda ido, ya kira sunanta. Babu. Ni ma in an bar ni haka kan hanya, tashi zan yi in biyo ku."

Dariyar ta ɗauke mini. Na tambaye ta, ita ba ta taɓa jin tsoro ba? Ta ce yaya za ta ji tsoron matar da suka yi shekaru suna tsinkar auduga tare.

Sharhin da na tura wa ƙawayena ranar maganar Kaka ce kawai. Rasuwar da aka yi bayan nan, ni na riƙe wa Kaka buta a wurin wankan gawar.

Abin da na koya shi ne, gawa sai ka manta sunanta take ba ka tsoro. Ranar da Kaka ta cika, ni na yi mata wanka. Na ɗaura mata kallabinta, ina kiran sunanta.