Mashin ɗin Kawu Mai Rawa

Shekaranjiya mashin ɗin wankina ya kama rawa. Ina tsakar gida na jiyo shi yana dukan bango, gugum-gugum, kuma kafin in isa wurinsa zuciyata ta riga ta fara neman wanda za ta ɗora wa laifi. Halina ne, ba zan ɓoye muku ba. In abu ya lalace a gidana, sai na tuno duk wanda ya gifta ta wurin. Amma da na ɗora tafin hannuna a kan murfin, rawar ta ratsa ni har kafaɗa, sai ga ni a Madarunfa ina yarinya, zaune daram a kan wani mashin ɗin.

A hannun Kakata ta wajen uwa na tashi. Gidan na Kawu ne, ɗanta na fari, mai kai-da-kawo tsakanin Ɗan Issa da Maraɗi da kayan da ba a cika tambayar hanyar da suka biyo ba. Shi ya shigo da mashin ɗin bayan girbi, a amalanken jaki, fari tas, murfinsa a sama kamar tukunya. Aka share masa ɗaki guda kusa da zaure. Mu ke ɗebo ruwa da bokiti muna zuba masa, Kawu ya danna, mutanen unguwa suna leƙe ta taga.

Kafin zuwan mashin, wani tsoho ke yi mana wanki. Mutumin wani ƙauye ne a wajen Safo, ba ya salla, yana kan abin da ya tarar da iyayensa suna yi, kuma ban taɓa jin hakan ya dami kowa ba. Da hantsi yakan ƙulle kayanmu ya nufi bakin tafki, da la'asar ya dawo da su a ninke suna ƙamshin sabulu da rana. Shi da Kaka kullum cikin tsokanar juna suke. Ranar da aka fara kunna mashin ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, bari mu ga kwana nawa za shi yi." Dariya aka yi a ranar.

Da rani ya shigo Kawu ya tafi Nijeriya fatauci. Ya kulle ɗakin, ya ba ni makulli in miƙa wa Kaka, domin ita ba ta magana da shi kai tsaye, ba ta ko kama sunansa, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa. Tsohon ya koma yi mana wanki kamar da.

Kawu bai dawo ba sai bayan ruwan fari ya sauka an gama shuka. Ya buɗe ɗaki, aka zuba kaya, aka kunna. Wanki ya tafi lafiya, amma da aka kai ga matse ruwa sai mashin ya birkice. Tukunyar ciki na bugun gefe da gefe, shi kuma yana takawa har ya doshi ƙofa. Aka cusa masa kwali a ƙafa, aka tokare shi da dutse, duk a banza. Ƙarshe ni aka ɗora a kan murfi in danne shi, haƙorana suna haɗuwa.

Wata maƙwabciya ce ta fara. Ta ce ita da idonta, cikin rani, ta ga tsohon ya shiga ɗakin da buhu a kafaɗa ya fito babu buhun. Sai aka tono tsohuwar maganarsa ta kwana nawa, aka juya ta aka sake juyawa. Wa mashin ya raba da abincinsa? Wa ya san iskokin bakin tafki? Kawu ya tare shi a zaure.

"Baba, ka shiga ɗakin nan?"

"Na shiga."

"Mi ka kai?"

Tsohon ya dubi labulen ɗakin Kaka. Labulen bai motsa ba. Ya ce, "Abin da aka ce in kai."

Cikin ƴan kwanaki gidaje suka daina ba shi wanki, don ba mai miƙa rigar da ke ɗauke da guminsa ga mutumin da ake zargi da sammu. Nakan hango shi a bakin tafki zaune kan dutsen wankinsa, babu ƙullin kowa a gabansa. Ni ma, Allah ya sani, na daina gaishe shi. Kaka kuwa ta rage cin tuwo, ta zama mai saurin faɗa, na ɗauka tsoron mashin take.

An yayyafa masa rubutu, ya ci gaba da rawarsa. Daga baya Kawu ya ɗauko mai gyara daga Maraɗi. Mutumin ya cire kuran, wato wutar lantarki, ya danna tukunyar da hannu ya saki, ta yi ta lilo kamar ƙwarya a kan ruwa. Ya kwance saman mashin ya nuna mana wasu sandunan ƙarfe huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, da tukunyar ke rataye a jikinsu. Kowane yana da waya murɗaɗɗiya a ƙasa wadda ke shanye girgiza. Duk sun lotse, man cikinsu ya bushe. Ya ce huɗun za a sake tare, don sabo ba ya zama da gajiyayye. Sannan ya tambayi Kawu wane irin nauyi aka bari ya daɗe a ciki.

Da suka kishingiɗa mashin don a zare sandunan, sai wake ya zubo daga ƙarƙashi. Wasu har sun tsiro, farare sol saboda duhu, sun sha ruwan da muke ta zubawa. Kawu ya ɗauki ƙwaya ɗaya yana juyawa. Ba wanda bai san waken nan ba a gidanmu, fari mai jan ido, irin da Kaka ta gada daga mahaifiyarta a garin Sarkin Yamma.

Labule ya ɗaga. Ran nan na fara ganin Kaka ta dubi Kawu ido cikin ido.

"Ni ce," ta ce. "Ɓera ya hana ni sakat da irin shukata, na ga rumbu mai murfi zaune ba ya aikin komi. Ni na roƙi bawan Allah ya ɗauko mini buhun. Da ruwa ya sauka na fitar na shuka, ashe wasu sun zube ciki."

Aka sa sababbin sanduna, mashin ya matse ruwa shiru kamar bai taɓa laifi ba. Amma tsohon ya riga ya koma ƙauyensu. Washegari Kaka ta ja ni muka hau amalanke zuwa wurinsa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya ba mu ruwa. Kaka ta nemi gafara tana kuka, ta ce me ya hana shi faɗa.

Ya ce, "Mai wanki shina ganin abin da ke jikin tufafin kowa, ba shi faɗi. Ke na jira. Na jira ki ƙwarai."

Ya yafe, amma bai sake taka gidanmu ba. Kaka kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda an sa zanenta a mashin ɗin ba. Da hannunta take wankewa.

Yau mashin ya daina zama abin kallo, masu gyara ma da sandunan a jaka suke yawo. Jiya aka sake wa nawa huɗunsa, mai gyaran ya ce tsufa ne kawai. Abin da bai sake ba shi ne saurin zargi irin namu. Lokacin da na dafa murfin nan shekaranjiya, sunan yarinyar da ke taya ni aiki yana kan harshena, na ma buɗe baki zan ƙwala mata kira. Sai na ga tsohon nan zaune kan dutsensa, babu ƙullin kowa a gabansa. Na haɗiye sunan, na cire kuran.