Jan Biro da Mataimakin da Ba Ya Musu

A ofishinsu ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Jan Biro kowa ke cewa, har mai gadi. Halin kuwa gado ta yi. Mahaifiyarta ta shekara talatin da biyu tana koyarwa a firamare, irin malaman nan da idan ka rubuto musu wasiƙar gaisuwa sai sun gyara ta kafin su amsa. A gidansu ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba, ko da takardar aike ce.

Da ta girma sai ta zama mai rubuta manhajar kwamfuta. Shekararta goma sha ɗaya a tebur guda, kusa da taga, ƙarƙashin wata fanka mai kaɗa kai kamar yau za ta faɗo, a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon mai faci. Ita ta rubuta manhajar da wani kamfanin motocin safa ke raba wa fasinjoji kujeru da ita. Duk abin da ta rubuta sai ta buga shi a takarda, ta bi shi layi-layi da jan biro kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Wata Litinin Oga, mai kamfanin nasu, ya tara su.

"Daga yau kowa zai riƙa aiki da mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira," in ji shi. "Ka faɗa masa abin da kake so, ya rubuto maka. Aikin mako ya koma na yini."

"Ranka ya daɗe, idan ya yi kuskure wa za a kira?" ta tambaya.

"Ke mana."

"To madalla. Mun samu ma'aikacin da ba a yi wa faɗa."

Dogo, maƙwabcin teburinta, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya rungumi abin hannu biyu. Har gaishe shi yake yi da safe, ya tambaye shi kwanan gajiya. Ita kuwa jarrabawa ta shirya masa. Ta ba shi wani layi lafiyayye, ta ce akwai kuskure. Nan take ya rubuto, "Kin yi gaskiya, a gafarce ni," ya sauya layin. Ta ce a'a, na farkon ne daidai. Ya sake cewa ta yi gaskiya, ya mayar.

Ta juya wa Dogo allon kwamfutar.

"Ka ga abokin naka? Idan na ce masa akuya ƙafa biyar gare ta, haƙuri zai ba ni, ya ƙara mata ɗaya."

"Ladabi ne da shi, Yaya."

"Ladabi ba ya zaunar da fasinja."

To, da ma akwai wata tsohuwar matsala. Shekara shida ke nan, jefi-jefi sai a samu mutum biyu a kujera ɗaya, ita kuma kullum cewa take sakacin masu yankar tikiti ne a tasha. A makon nan wani direba ya hauro benen da kansa, yana haki, ya dire tikiti biyu a teburin Oga, duka kujera ta sha bakwai. Ya ce shi ya gaji da raba faɗa, tuƙi aka ɗauke shi ya yi. Oga ya ce ta nuna wa mataimakin tsohon rubutunta.

Ta nuna masa tana taɓe baki. Kafin ta gyara zaman tabarau ya amsa: idan fasinja ya sauya ranar tafiya, manhajar na ba shi lambar kujerarsa ta da, ba ta duba ko wani ya riga shi a sabuwar ranar. Ta karanta layin sau uku. Haka ne kuwa, kuma da hannunta ta rubuta shi. Don taurin kai kawai ta buga masa, "Ba haka ba ne."

"Kin yi gaskiya, a gafarce ni," ya ce. "Layin daidai yake."

Wannan ya fi kuskuren ƙona mata rai. Ga gaskiya a hannunsa, amma da ta ɗan ɗaure fuska ya sake ta.

Ranar Asabar da hantsi ta je gaishe da mahaifiyarta, ta tarar da ita a baranda tana fama da zare da allura. Ta karɓa ta zura mata, ta kwashe labarin duka ta faɗa.

"Na koyar da irinsa da yawa," in ji tsohuwar. "Sun san amsa, amma da kin kalle su sai su ɗauki magogi su goge."

"To yaya kike yi da su, Inna?"

"Ba na bari su gane inda na karkata. Cewa nake su nuna mini yadda suka yi."

Tun daga nan haka take tafiyar da mataimakin. Takan ba shi aikin da ke gundurarta, ta sa ya bayyana dalilinsa, ba ta gaya masa ra'ayinta, kuma ba layin da ke wucewa ba ta karanta ba. Idan Dogo ya ce ashe an shirya, sai ta ce zaman haƙuri dai ake yi.

Kuskuren kujerun kuwa da hannunta ta gyara shi, sannan ta hau mota zuwa tasha, abin da ya fi komai yi mata nauyi. Ta tsaya gaban tagar masu yankar tikiti ta ce laifin nata ne, su yafe mata. Babbar cikinsu, wata mata mai furfura a goshi, ta ajiye hatimi ta dube ta da kyau.

"Mun yafe, ƙanwata. Amma ki ɗan zauna a bencin nan. Abokiyar aikina ta fita shan ruwa, ita ta fi shan faɗa a kan wannan magana. Idan ta dawo sai ki maimaita."

Ta zauna, ta jira, ta maimaita.