Ƙwayar Ƙarin Jini Cikin Jiƙon Bagaruwa

Shekarun baya, ina ɗalibar lise, wato babbar sakandare, a Birnin Konni, na je hutun damina ƙauyenmu da ke kusa da Dogarawa, na tarar yayata ta zo wankan jego. Haihuwarta ta fari ce, kuma ta zubar da jini sosai. Jaririn kam tubarkalla, amma ita ta yi fari fat, ko tsakar gida ta ratsa sai ta dafa bango tana haki.

A likita an ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ƙananan jajayen nan. Ungozomar ta ce idan aka koma awo jinin bai hau ba, sai an kai ta babban asibiti an yi mata ƙari. Wannan magana ta tsaya wa kowa a rai, don mijinta yana can Najeriya wajen fatauci, mahaifinmu kuma ƙarfi ya ƙare.

Yayata ba ta iya haɗiye ƙwaya tun tana ƙarama, sai ta yi ta kakarin amai. Saboda haka mahaifiyata ta samo dabara. Takan murƙushe ƙwayar da bayan cokali, ta zuba a jiƙon bagaruwar da take ba ta don gyaran ciki, ta motsa. Ranar da na fara gani sai da na matso kusa. Ruwan da yake ja-ja kamar shayi ya rikiɗe a gabana ya koma baƙi wuluk, sai ka ce tawadar allo.

Na ce, "Inna, mi ya sa shi baƙi haka?"

Ta ce, "Ƙarhin magani na. In kin ga bai yi baƙi ba, to bai yi ba."

Ba haka kawai ta faɗa ba. Gidanmu gidan fata ne. Iyayen Inna majema ne, da bagaruwa suke jima, mahaifina kuma baduku. Idan zai yi baƙin takalmi yakan shafa kuloko, wato ruwan da aka jiƙa tsoffin ƙarafa a ciki, fatar ta yi baƙi nan take. A gidanmu baƙi alamar aiki ya yi kyau ne. Fatar da ta ƙi yin baƙi ita ake yi wa tsaki.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, ga ɗan ilimin kimiyya na lakwal, wato makarantar boko, yana yi mini ƙaiƙayi. Ban kawo wata cuta a raina ba, launin ne kawai ya hana ni sakat. Na ɗauki kofunan shayin mahaifina na jera a bayan rumbu. Na ɓantari ƙwaya guda na raba. A ruwan rijiya babu baƙi. A ruwan lemun tsami ma babu. A shayi ruwan ya yi duhu, a bagaruwa kuwa ya koma tawada. Sai na tsinci wata ƙusa mai tsatsa na jefa a sauran jiƙon, babu ƙwaya babu komai, kafin la'asar shi ma ya yi baƙi. Na zauna ina kallon kofuna ina jin kaina wata babbar masaniya, har mahaifina ya zo neman abin shan shayi ya same ni da ƙusa a ciki. Abin da ya faɗa mini ba na rubutawa ba ne.

Amma tambayar ta ƙi barina: me ya haɗa ƙwayar asibiti da ƙusa? Ranar kasuwa na hau kabu-kabu na je wurin ungozomar, da kwalbar baƙin ruwan a jakata. Na zaci za ta yi mini dariya. Ta ɗaga kwalbar ta duba, ta tambaye ni tun yaushe ake ba yayata haka. Da na ce tun farko, sai ta ajiye alƙalaminta.

Ta yi mini bayani a hankali. Ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ne a cikinta, da shi jiki yake gina jini. Bagaruwa kuma tana da wani sinadari da ake kira tanin, shi ne baurin da ke ɗaure harshe, shi ke jeme fata, shi ne kuma ke tsayar da gudawa. Idan ya gamu da ƙarfe sai su manne da juna su yi baƙi, hanji kuma ba ya iya tsotsar ƙarfen da ya manne, yawanci sai ya wuce. Ta ce ko shayi mai kauri bai kamata ya bi bayan ƙwayar ba, gara lemun tsami.

A hanyar komawa murnar gano amsa ta gudu, tsoro ya maye gurbinta. Ta yaya zan gaya wa mahaifiyata? Matar da ba ta runtsa ba tun ranar haihuwar.

Na same ta tana ɓarzar gero. Na ɗauko wani guntun baƙar fata a rumfar mahaifina na miƙa mata.

"Inna, baƙin ga in ya hau fata, ana wanke shi ya hita?"

"Ina hwa. Ko shekara kika yi kina wanki."

"To ƙwayar ga ƙarhe ce, irin na kuloko. In ta gamu da bagaruwa haka suka riƙe juna. Cikin yaya ma bai iya raba su."

Ta tsayar da hannunta a kan dutsen. Ta juya fatar, ta sake juyawa. Ta fi ni sanin yadda baƙin nan yake zama daram. Can ta ce, a hankali, "Ashe ni ka hana ɗiyata jini." Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ba ta zubar da bagaruwar ba, ta dai mayar da ita ruwan da mai jego ke zama a ciki kawai. Ƙwaya kuma ta koma cikin ruwan lemun tsami. Kowace safiya sai ta ja fatar idon yayata ƙasa ta leƙa, kamar yadda ta ga ungozoma na yi. Da aka koma awo, jinin ya ɗan hau, aka ce a ci gaba da ƙwaya, babu zuwa babban asibiti.

Har yau ina sha'awar itatuwanmu, kuma tun daga lokacin ban ƙara raina su da cewa ganye ne kawai ba. Abin da ke iya jeme fatar bijimi ba zai shiga ciki ya zauna shiru ba. Idan an ce mini ga saiwa mai magani, nakan tambayi abin da ke cikinta, da abin da ba ta shiri da shi.

Yaron nan yanzu yana lakwal. Mahaifiyata ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma duk mai jegon da ta je wa barka a ƙauyen, kafin ta karɓi jariri sai ta ce a miƙo mata kofin da ake shan magani ta leƙa.