Eino, Mai Kabarin Da Ke Ciyar Da Maƙwabta

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Eino Karvonen a ɗakinsa na katako da ke hayin kogi, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Da safe ban ga hayaƙin murhunsa ba, sai na ɗaura wa karnuka amalanke na tsallaka ta kan ƙanƙara. Na same shi zaune a kujera, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, diddigensa ya leƙo ta hudar safa. Har a tafiyar ƙarshe shirin fita aiki yake yi.

Eino, duk mai ba da labarinka a wannan yanki na Alaska da kabarinka yake farawa, ni ma ba zan saɓa ba. A hunturun da mijina Pavel ya rasu, ƙasa ta daskare kamar ƙarfe. Sai da kuka yi kwanaki kuna hura wuta a kanta kafin diga ta shiga a haƙa kabarinsa. Da bazara ta zo ka ɗauki shebur ka haƙa naka a bayan ɗakinka, ka ce ba za ka sa mu ƙone itacen hunturunmu a kanka ba.

Sai ka lura gindin ramin da sanyi yake ko a tsakiyar zafi. Ka jera masa katako, ka yi masa murfin da ya fi ƙarfin beyar, ƙaton naman dajin nan mai satar abinci, ka sauke cinyar barewa a ciki. Ba a daɗe ba ni da Wasili maharbi muka fara kai namu ajiya. Wasili yana ɗaure ƙunshinsa da shuɗiyar igiya, ni da jan zaren saƙa, kai kuwa ka ce mai gida ba ya sa alama. In ka hango ni tafe sai ka ɗaga murya, “Matrona, ina zuwa?” In ce, “Kabarinka.” Ka ce, “To ki rufe da kyau, kada sanyina ya fita.” Wani sabon direban jirgin sama da ya kawo gishiri da kananzir, ka ce masa ya jira ka shiga kabari ka ɗauko masa kifi. Bawan Allah ko shayinsa bai shanye ba ya tashi jirginsa.

Kai ke fasa mini ƙanƙarar kogi in ɗebi ruwa, kai ke faskara mini itace, sannan ka zauna ka cinye burodina kana cewa ya yi tauri. Ban taɓa ganin ka bar ɓarɓashi ba.

Bana kifi bai hauro kogi ba, gwiwata kuma ta ƙi. Ɗana Gavril da ke birni ya kafa mini sharaɗi: in abincina ba zai kai ni bazara ba, zai zo ya ɗauke ni, kuma ba dawowa. Na amince don ba ni da ta cewa, amma raina ya ɓaci ƙwarai. A ɗakin nan na haifi 'ya'yana, Pavel yana kwance a bayansa. Da kaka ka ce mini, “Bana ban ga ƙafarki a kabarina ba.” Na ce gwiwa ce. Ba ka ja maganar ba, sai ka roƙi ragowar jan zarena wai za ka ɗinke safa. Na ba ka ina tsokanarka, tsofai-tsofai da kai da jar safa.

Ranar jana'iza 'yarka Helmi ta sauka a jirgi tare da Gavril, shi da buhunan kwashe kayana. Dole a fitar da abin da ke ramin kafin ka shiga. Wasili ya sauka yana miƙowa. Naman barewa, busasshen kifi, kitse, 'ya'yan itacen daji, ƙunshi bayan ƙunshi, kusan duka ɗaure da jan zare.

Wasili ya leƙo ya ce, “Kai, Matrona! Ashe ke ce attajirar kogin nan kina mana kukan babu?”

Na ce ko ƙashin kifi ban ajiye ba bana. Helmi ta ce, “Inna, jan zare alamar wa ce? To kwashe kayanki, Baba yana jiran wurinsa.”

Muka yi dariya a bakin kabari har hawaye suka daskare mana a kumatu. Gavril ya daɗe yana kallon tulin nan, sannan ya miƙa mini buhunansa in zuba abinci, ya koma jirgi shi kaɗai.

Allah ya jiƙanka, Eino, ya yalwata makwancinka kamar yadda ka yalwata mana shi. Allah ya ba Helmi da jikokinka haƙuri, ya ba mu da muka rage a bakin kogin nan dangana. Ni ina nan a ɗakina, hayaƙina yana tashi kullum safe. Safar nan kuwa, da ita muka binne ka, ba ka ɗinke ta ba.