Tukunyar da Asabe Ta Bari

Shitu mai kaji ne a Tudun Wada, tun zamanin da motocin 'yan kuza ke ratsa garin zuwa Riruwai, kafin a samu mulkin kai. Shi ke yankawa, ya fige, ya gasa a bakin kasuwa. Da la'asar sai ya tattara gashin kajin a buhu ya kai gida, matarsa Asabe ta karɓa. Bai taɓa tsayawa ya ga abin da take yi da shi ba. Ya dai san akwai wata baƙar tukunya mai wari a bayan ɗaki, kuma yakan ga Asabe tana watsa wa kaji wani gari gauraye da dusa. Kajin gidansu ko da bazara ba sa ramewa.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Asabe, ba ta tashi ba.

Bayan an share makoki Shitu ya ci gaba da kawo gashin gida, don hannunsa ya saba. Buhuna suka taru a zaure, kajin gidan kuwa suka fara ramewa. Ran nan ya jawo tukunyar, ya zuba gashi da ruwa, ya hura wuta. Matan maƙwabta suna leƙowa ta katanga, wai ga namiji a bakin murhu. Ya dafa har itace ya ƙare, gashin yana nan yadda yake. Ya zuba wa kajin, suka tona, suka watse.

Sai ya ari keke ya nufi Badafi wurin yayar Asabe, Safara'u. Bayan sun gaisa ya tambaye ta yadda Asabe ke dafa wa kaji gashin.

"Ashe abin da ya kawo ka ke nan, Malam Shitu," in ji ta. "Ai gashi ba ya jin ruwa zalla. Tokar karan dawa ake tacewa a dafa da ruwanta, a liƙe bakin tukunyar da laka kada tururi ya fita. In ya yi laushi a wanke, a shanya, a daka. Wurin innarmu muka gani. Ni warin ya kore ni, ita Asabe ta riƙe."

"Akwai waƙar da Asabe take yi in tana daka," in ji shi. "Yaya, kin san ta?"

Safara'u ta buɗe baki za ta rera, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Bai ƙara tambaya ba.

Da ya koma gida, dahuwar farko ta ƙone masa, ta gaba ta yi kyau. Kajin suka yi ta wawaso, kafin kaka sun murmure. Daga baya dangi suka matsa masa ya auri Turai, mace mai haƙuri, ta karɓi aikin gida duka, amma wannan tukunya bai sakar mata ba. Har ya tsufa, ranar dahuwa ba ya fita kasuwa. Yakan zauna a bayan ɗaki yana gyara wuta, in aka yi masa sallama sai an maimaita kafin ya ji.